Da gaske ne Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce?

"Assalamu alaikum Malam. A fadarmu ta shayi a nan Maraɗi gardama ta ƙi ƙarewa a kan yaƙin Rasha da Yukren. Wasu abokaina sun dage cewa babu wata al'umma wai ita Yukren, asalinsu duk Rashawa ne, Turawan Yamma ne suka shiga tsakani, saboda haka Putin ƙasar kakanninsa kawai yake ƙwatowa. Wasu kuma suka ce wannan ƙarya ce tsagwaronta. Tunda tarihin Turai kake koyarwa, don Allah ka warware mana. Asalinsu ɗaya ne ko ba ɗaya ba ne? In ɗaya ne, hakan bai ba Rasha gaskiya ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka ɗaure wuri guda, kuma gardamarku ba za ta ƙare ba sai an kwance su. Ta farko ta tarihi ce: daga tushe ɗaya suka fito? Ta biyu ta haƙƙi ce: in har daga tushe ɗaya suka fito, ɗaya yana da ikon mallake ɗayan da bindiga? Amsar ta farko, e, akwai tushen da suka yi tarayya a kai, kuma wanda ya musa haka bai yi wa tarihi adalci ba. Amsar ta biyu, a'a. Bari in bi da kai hanyar da ta kai ni ga wannan matsaya.

Maganar da abokanka suke yi ba su suka ƙirƙiro ta ba. A ranar 12 ga Yulin 2021 fadar Kremlin ta wallafa wata doguwar maƙala da sunan Vladimir Putin a kan abin da ya kira haɗin kan Rashawa da 'yan Yukren a tarihi, inda ya ce su al'umma ɗaya ce. Ranar 21 ga Fabrairun 2022, saura kwana uku dakarunsa su tsallaka iyaka, ya fito a talabijin ya ce Rasha ce ta ƙirƙiri Yukren ta zamani, musamman Lenin da 'yan juyin juya halin Bolshebik. A 2024 ma da ɗan jaridar Amurka Tucker Carlson ya tambaye shi dalilin yaƙin, sai da ya shafe kusan rabin sa'a yana ba da tarihi, ya faro tun daga shekara ta 862.

Tushen da suka yi tarayya a kai

Daga ƙarni na 9 zuwa na 13 an yi wata daula da ake kira Rus, cibiyarta birnin Kiyef da ke bakin kogin Dnipro. Gidan sarautarta daga Sikandinebiya ya samo asali, fatake ne kuma mayaƙa masu bin koguna da jiragen ruwa, suka saje da ƙabilun Silab da suka tarar. Malaman Musulunci sun san su. Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya haɗu da 'yan Rus a bakin kogin Volga a shekara ta 922 ya kuma rubuta abin da ya gani. Tsohon kundin tarihin da limaman Kiyef suka rubuta ya ce a 882 sarki Oleg ya kama Kiyef ya kira ta uwar biranen Rus. A 988 sarkin da Rashawa ke kira Vladimir, 'yan Yukren kuma suke kira Volodymyr, ya karɓi Kiristanci irin na Kustantiniyya, wato Otodoks. Ka lura, shugabannin ƙasashen biyu da ke yaƙi yau duk sunan wannan sarki suke ɗauke da shi, kowa da lafazin harshensa.

To ina Mosko a lokacin? Ba a ambace ta a rubuce ba sai 1147, tana ɗan ƙaramin gari a dazukan arewa maso gabas. Ita kanta Rus ba ƙasa ba ce irin ta yau mai tuta da iyaka. Masarautu ne na 'yan gida ɗaya da ke yawan kai wa juna hari, har a 1169 rundunar sarkin yankin Vladimir-Suzdal, Andrei Bogolyubsky, ta washe Kiyef. Mutanen wancan zamani ba su san kansu da Rashawa ko 'yan Yukren ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa ɗan kishin Yukren da ya ce Rus ita ce Yukren, da Barashen da ya ce Rus ita ce Rasha, kuskure iri ɗaya suke yi: suna ɗinka wa mutanen shekara dubu da suka wuce rigar zamaninmu.

Inda hanya ta rabu

A 1240 rundunar Mongol ta rushe Kiyef, kuma daga nan kowa ya kama gabansa. Masarautun arewa maso gabas suka zauna ƙarƙashin Mongol sama da shekara 200 suna biyan haraji, Mosko ta yi ƙarfi a cikinsu. Can shugaban coci ya koma: ya bar Kiyef a 1299, daga baya ya zauna a Mosko. Reshen tsohon gidan sarautar Rus ya ci gaba da mulkin Mosko har 1598. Waɗannan biyun, coci da jinin sarauta, su ne hujjar Rasha ta cewa ita ce magajiya.

Ƙasar da ta zama Yukren kuwa wata hanya ta bi. A yamma an yi masarautar Galisiya da Volhyniya, wadda sarkinta Danylo ya karɓi kambi daga wakilin Fafaroma a 1253. A wajen 1362 Lituwaniya ta mallaki Kiyef, a 1569 kuma yawancin yankin ya koma hannun Polan. Shekaru ɗaruruwa mutanen nan suna zaune a tsarin da manyan gari ke zaɓen sarki, birane na da majalisunsu, ana karatun Latin, ana kuma ja-in-ja da Katolika. A 1596 wani ɓangare na cocinsu ya amince da shugabancin Fafaroma amma ya riƙe ibadarsa ta gabas, kuma har gobe wannan coci na da ƙarfi a yammacin Yukren. Harshe ma ya yi nisa. Barashe zai ce spasibo in zai yi godiya, ɗan Yukren ya ce dyakuyu. Kalmar da ke nufin mako a Rashanci, kusan ita ce ke nufin Lahadi a harshen Yukren. Sunayen watanni ma daban suke.

A nan ne nake son ka duba gida, domin kai a Maraɗi kana zaune a kan misalin da ya fi duk wanda zan iya kawowa. Bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, tsohon gidan sarautar Katsina ya yi arewa ya kafu a Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar. Birnin Katsina da ƙasarta suka ci gaba a inda suke ƙarƙashin sabon mulki, daga baya Faransa da Ingila suka ja layi a tsakani. Maraɗi na iya cewa tsohuwar sarauta na hannunta, Katsina na iya cewa gari da ƙasa na hannunta, kowa kuma yana da gaskiya. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ba iyaka, kusancin ma ya fi na Rasha da Yukren. Amma ka tambayi abokanka: in Abuja ta turo tankokin yaƙi Maraɗi da hujjar cewa ku Katsinawa ne, za su yarda? Misali ne kawai, ba ta kowace fuska ya yi daidai da abin ba, amma a kan batun gādo ya zauna.

Pereyaslav, 1654

Babu shekarar da aka fi yin gardama a kanta kamar wannan, don haka zan ɗan daɗe a nan. A kudancin ƙasar, wajen tsibiran Dnipro, an sami wata jama'a ta mayaƙa 'yantattu da ake kira Kosak, yawancinsu manoma ne da suka gudu daga bautar iyayen gida. Su ke zaɓen shugabansu, wanda suke kira hetman. A 1648 hetman Bohdan Khmelnytsky ya yi wa Polan tawaye ya kafa ƙasarsu. Da yaƙi ya yi tsanani ya nemi majiɓinci. Ya yi ƙawance da Tatar Musulmi na Kirimiya, ya tuntuɓi sarkin Turkiyya, a ƙarshe ya juya ga sarkin Mosko. A Janairun 1654 aka haɗu a garin Pereyaslav.

Abin da ya faru a wurin ya nuna cewa kowane ɓangare da irin fahimtarsa ya zo. Kosak suka ce za su yi rantsuwar biyayya, amma jakadan Mosko, Vasily Buturlin, shi ma ya rantse a madadin sarkinsa cewa za a kare musu 'yancinsu, kamar yadda suka saba da sarakunan Polan. Jakadan ya ƙi, ya ce sarkin Mosko ba ya rantse wa talakawansa. Kosak suka yi tasu rantsuwar haka nan. Su a ganinsu yarjejeniya aka ƙulla wadda za a iya warwarewa in an saɓa, Mosko kuwa a ganinta mubaya'a aka yi ta har abada. Shekara huɗu kacal bayan haka magajin Khmelnytsky, Ivan Vyhovsky, ya koma wajen Polan, a 1659 kuma shi da Tatar suka fatattaki rundunar Mosko a Konotop. A 1667 Polan da Mosko suka raba ƙasar biyu, kogin Dnipro ya zama iyaka. A 1708 hetman Ivan Mazepa ya bi Suwidin ya juya wa sarkin Rasha Peter baya, aka ƙone babban birninsa Baturyn, aka ci su da yaƙi a Poltava a 1709. Sarauniyar Rasha Catherine ta soke muƙamin hetman a 1764, ta rushe sansanin Kosak a 1775. Littattafan makarantar Sobiyet sun kira 1654 "sake haɗewa". In sake haɗewar 'yan'uwa ce, me ya sa aka ɗauki shekara 120 ana kokawa kafin a murƙushe 'yancin ɓangare ɗaya?

Sai dai adalci ya wajaba. Tunanin cewa su al'umma ɗaya ce ba a Mosko kaɗai aka haife shi ba. Limaman Kiyef ne suka wallafa littafin tarihi a 1674 da ya gabatar da sarkin Mosko a matsayin magajin sarakunan Kiyef, domin suna neman kariyarsa. 'Ya'yan manyan Kosak da yawa sun shiga hidimar daular Rasha sun kai ƙoli, irin su Bezborodko. Marubuci Gogol ɗan yankin Poltava ne amma da Rashanci ya yi suna. Brezhnev, wanda ya mulki Tarayyar Sobiyet shekara 18, a Yukren aka haife shi. Miliyoyin 'yan Yukren sun yaƙi Hitler a cikin rundunar Sobiyet. Zumuncin nan gaskiya ne, kuma akwai gidaje marasa adadi da uwa ke nan, ɗa ke can.

Hujjar da ta fi gamsar da ni

Kowace shekara nakan ba ɗalibaina wata takarda su karanta, in tambaye su abin da suka gani. Umarni ne da ministan cikin gidan Rasha, Pyotr Valuev, ya fitar a 1863, wanda ya hana buga littattafan addini da na koyarwa da harshen Yukren. A ciki akwai jimlar da ke cewa wannan harshe bai taɓa wanzuwa ba, babu shi, ba kuma zai taɓa yiwuwa ba. Kusan kullum sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to in babu shi me ake hanawa?" Daidai nan nake so su iso. A 1876 sarki Alexander na Biyu ya tsananta dokar, ya haɗa da wasan kwaikwayo da shigo da littattafai daga waje. Mawaƙin 'yan Yukren Taras Shevchenko, wanda aka haifa cikin bauta, an tura shi aikin soja na horo a 1847 aka kuma hana shi rubutu da zane. Duk da haka, ƙidayar jama'ar da daular da kanta ta yi a 1897 ta sami sama da mutum miliyan 22 masu wannan harshe, a 1905 kuma cibiyar manyan masana ta St. Petersburg ta amince cewa harshe ne mai zaman kansa. Yankin Galisiya kuwa tun 1772 yana hannun Ostiriya har 1918, daga baya ya koma hannun Polan, bai shiga ƙarƙashin mulkin Mosko ba sai 1939, in ka cire ɗan lokacin mamaya a Yaƙin Duniya na Farko.

Wannan ya kawo mu batun Lenin. Kafin a kafa Tarayyar Sobiyet a Disambar 1922, majalisar Kiyef ta riga ta ayyana 'yancin Yukren a Janairun 1918, Bolshebik kuma da yaƙi suka karɓe ƙasar. Lenin ya ba ta matsayin jamhuriya ne domin ya ga ba za ta riƙu ba sai da haka. Gaskiya ne a zamanin Sobiyet aka shata iyakokinta na yau, kamar yadda aka shata na Rasha kanta da na Kazakistan. Gaskiya ne kuma kishin ƙasa irin na zamani a ƙarni na 19 ya ginu a Yukren, amma haka na Jamus da na Italiya. Abin da maƙalar Putin ta wuce da sauri shi ne yunwar 1932 zuwa 1933, lokacin da gwamnatin Stalin ta kwashe hatsi daga ƙauyuka ta kuma hana manoma fita neman abinci. Mutum kusan miliyan 4 suka mutu a Yukren. Yunwar ta ci Kazakistan da wasu sassan Rasha ma, masana kuma na gardama a kan ko kisan ƙare dangi za a kira ta. Amma ɗan Yukren da kakarsa ta ba shi labarin wannan yunwa, kalmar 'yan'uwantaka daga bakin Mosko ba ta yi masa daɗin ji kamar yadda take yi mana daga nesa.

Abin da mutanen suka faɗa da bakinsu

Malamin tarihi ba alƙali ba ne, kuma ba shi ke yanke wa jama'a ko su wane ne ba. An tambayi mutanen. Ranar 1 ga Disambar 1991 aka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 90 cikin 100 suka zaɓi 'yanci. A yankunan gabas na Donetsk da Luhansk kusan kashi 84 ne suka amince, a Kirimiya ma kashi 54. Rasha ta amince da sakamakon. A 1994 a Budapest ta sa hannu tare da Amurka da Birtaniya cewa za ta mutunta iyakokin Yukren, ita kuma Yukren ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada. A 1997 aka ƙulla yarjejeniyar abota da ta maimaita haka. A Janairun 2003 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar iyakar ƙasa, kuma wanda ya sa hannu a madadin Rasha shi ne Putin.

Abokanka za su ce ai miliyoyi a can Rashanci suke yi. Haka ne, a ƙidayar 2001 kusan kashi 30 cikin 100 sun ce Rashanci ne harshen uwarsu. Shugaban Yukren Zelensky kansa da Rashanci ya tashi, kuma da kashi 73 na ƙuri'u ya ci zaɓen 2019. Harshe ba shi ne fasfo ba. Biranen da suka fi shan ruwan bama-bamai, Mariupol da Kharkiv, masu magana da Rashanci ne suka fi yawa a cikinsu.

Ba na wanke Yukren daga nata laifin a sarrafa tarihi. Girmama Stepan Bandera, jagoran masu tsattsauran kishin Yukren a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da mayaƙan rundunar tawaye ta UPA, waɗanda suka kashe dubban fararen hula 'yan Polan a Volhyniya a 1943, kuma wasu 'yan ƙungiyarsa suka taimaka wa 'yan Nazi a kan Yahudawa, abu ne da nake ƙyama kuma nake faɗa a aji. Dokar 2019 da ta wajabta amfani da harshen Yukren a harkokin hukuma ma ta ɓata wa wasu 'yan ƙasar rai. Amma gamayyar jam'iyyun masu tsattsauran kishin ƙasa kashi 2 kawai ta samu a zaɓen majalisa na 2019, wanda bai kai a kira ƙasa gaba ɗaya 'yan Nazi ba. Batun ƙungiyar NATO da tsoron da Rasha ke cewa tana ji, da munafuncin ƙasashen Yamma a Iraƙi da Libiya wanda na san yana ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya, gardama ce mai zaman kanta da ta fi ƙarfin fannina, kuma ba ita ka tambaye ni ba. Ina dai roƙon ku raba ta da ta tarihi. Mutum na iya jin haushin Faransa da Amurka ba tare da ya yarda cewa al'umma mai mutum miliyoyi ba ta wanzu ba.

Abin da ya sa wannan magana ke damuna shi ne ba a takarda ta tsaya ba. In ka yarda cewa babu 'yan Yukren, to wanda ya ce shi ɗan Yukren ne ya zama ɓatacce ko maci amana, sai a gyara shi. A yankunan da Rasha ta mamaye an sauya manhajar makarantu, an matsa wa mutane karɓar fasfon Rasha, kuma batun kwashe yara ne ya sa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fitar da sammacin kama Putin a Maris 2023. Afirka ta hango wannan haɗari tun 1964, lokacin da shugabanninta suka amince a Alƙahira cewa a bar iyakokin da aka gada yadda suke. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Martin Kimani, wannan ya tuna wa kwamitin sulhu a Fabrairun 2022.

In kun koma fada, ka gwada hujjar "ƙasar kakanni" a kan Kirimiya. Putin ya ce a 2014 wurin mai tsarki ne ga Rashawa domin a nan aka yi wa sarki Vladimir na Kiyef baftisma. Amma daga tsakiyar ƙarni na 15 har zuwa 1783, lokacin da Catherine ta haɗiye ta, Kirimiya masarautar Musulmi ce ta Tatar, fadarta a Bakhchysarai. A Mayun 1944 Stalin ya sa aka loda al'ummar gaba ɗaya, kusan mutum 190,000, a taragun jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Asiya, dubbai suka mutu a hanya da kuma bayan isa. Ba su sami dawowa da yawa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Shugabanninsu sun ƙi amincewa da mamayar da Rasha ta yi wa Kirimiya a 2014, a 2016 kuma kotun Rasha ta haramta majalisarsu ta wakilai.